Sunan Da Na Kira A Bakin Kogi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni Idrisu, kuma Ya karɓi abinSa bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Jikata ce ta sa na ɗauki biro da wannan hannun nawa mai rawa. Ma'aikaciyar jinya ce, da ta zo zaman makoki take ce mini wai yanzu yara masu irin lalurar kawunta sun yi yawa, kusan kullum sai an kawo musu wani. A rediyo ma na ji ana ta musu, wannan ya ce allura ce, wancan ya ce wayar hannu ce, wani ya ce abincin gwangwani ne. Ni ban yi karatun likita ba, iyakata ajin yaƙi da jahilci. Ko sun ƙaru ko ba su ƙaru ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne a zamaninmu ma akwai su, sai dai ba asibiti ake fara kai su ba, kuma ba dukansu ne suka yi tsawon ran da za a ƙirga da su ba.

Na haifi Idrisu a shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Maigidana, Malam, malamin gona ne a nan Wudil. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ya sayi babur da rediyo mai kaset, ya buga wa ɗakunanmu kwano. Muna zaune da mahaifiyarsa, Iya, mace mai tsafta da faɗa, wadda ban taɓa kwana da yunwa a hannunta ba. Na je goyon ciki gidanmu a Kausani, na haihu lafiya, ran suna aka ce an mayar da sunan mahaifin Malam, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni gidan.

Kunya ta zame mini biyu ke nan. Ga shi ɗan fari, ga shi da sunan suruki. 'Yan matan yanzu da ke rungume ɗan fari a gaban uwar miji suna yi masa rawa ba za su gane ba. Mu a lokacinmu ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba kai za ka fara tashi ba, in ana maganarsa sai ka kama tsintar shinkafa kamar ba ka ji. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma ni na iya ta har ana misali da ni a unguwa. Malam yana ce masa Abba. Iya tana ce masa Maigidana, tana tsokanarsa wai ya ƙi ba ta kuɗin cefane. Ni kuwa iyakata "yaron nan".

Jariri ne marar rigima. Kowa ya zo sai ya ce kai, wannan yaro da haƙuri yake. In yana shan mama ba ya kallon fuskata, amma da yake ni ma ba kallonsa nake yi ba in da mutane, sai na ɗauka mun yi daidai. Ya yi zama a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci, har ya fara cewa "Iya" da "ruwa". Bayan yaye ne kalmomin nan biyu suka ɓace, ba su bar ko sallahu ba.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Yana tafiya a kan 'yan yatsun ƙafa. In Malam ya tayar da babur sai ya toshe kunne ya yi ta ihu har ya shiɗe. Ba ya cin komai sai ƙanzo. Yaran maƙwabta su shigo su fita, ko kallo ba su ishe shi ba. Akwai wani murfin kwanon sha, fari mai bakin shuɗi, da ya ɗauka a kayan jerena, shi zai kafa a ƙasa ya murza, ya zuba masa ido har ya kwanta, ya sake murzawa, tun hantsi har azahar. In ba murfin ba, to ruwa. Duk butar da ya samu sai ya tsiyaye ta a hankali yana kallo. Sau biyu ina ciro shi daga randa, ƙafafu a sama.

Iya ta ce miskilanci ne, haka mai sunansa yake, sai ya wuni bai ce uffan ba. Da ya shiga shekara ta huɗu babu baki, ita da kanta ta daina faɗin haka.

Aka fara da wanzami. Ya duba ƙarƙashin harshe ya ce linzami ne, ya tsaga. Yaro ya yi mako ba ya iya cin ƙanzonsa, baki bai buɗe ba. Aka koma rubutu, ana ɗura masa yana furzarwa. Wata gwaggon Malam ta aiko da turaren hayaƙi daga Dagumawa, aka lulluɓe shi da bargo a kan kasko, ihun da ya yi ran nan har yau yana cikin kunnena. Ina tsakar gida ina daka, ban ajiye taɓarya ba, hawaye na zuba a turmi. Akuyata ta tafi a wannan hidima, daga baya manyan kwallayena suka bi ta, ban kuma yi baƙin cikinsu ba.

Malam ne ya ce a gwada asibiti. A na garinmu suka leƙa kunnensa suka ce a kai shi Kano. Muka bi a-kori-kura ni da Iya, yaro a cinyarta, don ba zai yiwu a gan ni rungume da shi ba. Makon farko kati kawai muka samu. Mako na biyu muka wuni a kan benci, ga zafi, ga warin magani, ga yaro yana buga kansa da bango, mata suna ja da 'ya'yansu baya, sai dab da la'asar aka ce likitan kunne ya tashi. A mako na uku muka gan shi. Ya kaɗa ƙararrawa a bayan yaron, ko gezau. Har ya fara rubuta cewa kurma ne, sai wani ya buɗe famfo a ɗakin da ke kusa, yaro ya zame daga cinyar Iya ya nufi ƙofa. Likita ya soke abin da ya rubuta, ya tura mu wajen likitar yara.

Wata mata ce 'yar ƙasar waje, da ɗigon ja a goshinta, irin waɗanda gwamnati ta ɗebo a lokacin da kuɗi ya yi yawa. Wata nas Bahaushiya ce ke yi mana tafinta. Likitar ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta daɗe tana kallon yadda yake murza murfinsa. Sannan ta ɗago ta yi magana.

Nas ta ce, "Wai wace ce uwarsa?"

Iya ta nuna ni da haɓa.

"Wai in kin kira sunansa yana waiwayowa?"

Na sunkuyar da kai. Nas ta maimaita. Iya ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan fari ne fa. Kuma sunan mahaifin mijinta gare shi."

Nas ta juya ta yi bayani da Turanci. Likitar ta zare tabarau ta dube ni kamar ta ga abin tsoro. Ta ce a ce mini in kira shi yanzu, tana so ta gani. Wallahi na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwarona, na ji Iya tana numfashi a gefena, sai ya koma. Na ce, "Kai. Kai, yaro." Bai waiwayo ba.

A ranar na fara jin kalmar da ta zauna mini a kai har yau, otizim. Likitar ta ce ba kurma ba ne, ba mahaukaci ba ne, ba kuma wani abu ne ya shige shi ba, ƙwaƙwalwarsa ce aka halitta daban. Ta ce babu allura, babu ƙwaya. A riƙa yi masa magana, a koya masa abu kaɗan-kaɗan, a tsare shi daga wuta da ruwa. A kan wannan ina yi mata addu'a har gobe. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ƙara da cewa uwar da ba ta rungumar ɗanta, ba ta kiran sunansa, ita ke jawo irin wannan. Nas ɗin nan kuwa, Allah Ya shirye ta, ta juye mana maganar tas, ko gishiri ba ta sa mata ba.

Maganar nan ta ci ni shekara da shekaru. Sai bayan da jikata ta yi karatu take gaya mini ai likitoci sun daɗe da janye ta, ba laifin uwa ba ne. Na ce to da ma fa. In da kunya ce ke kawo shi, ai da duk wani ɗan fari a ƙasar Hausa ya kamu, har da Malam.

A hanyar dawowa motarmu ta hau gadar Wudil. Yaro ya miƙe yana leƙen kogi, yana karkaɗa hannuwa, yana wata dariya da ba ya yi wa kowa. Iya ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Sun ce ba su da magani, sun kuma zage mu a kan tarbiyyarmu. To shi ke nan."

Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa ta zo daga Ɗankaza, wai ta san kan irin waɗannan yara. Na kai musu ruwa ɗakin Iya, suka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina mutan gida, yaya damina, yaya jikin yaron. Na fito na tsaya a bayan ƙofa. Tsohuwar ta ce alamu sun cika, ga son ruwa, ga rashin baki, ga ƙin haɗa ido da mutane. Ta ce ɗan ruwa ne, an yi musanye tun yana ciki, wataƙila uwar ta je kogi da tsakar rana. Maganinsa a kai shi bakin kogi da fura da ɗanyen ƙwai, a ajiye shi, a juya baya a tafi, kada wanda ya waiwaya. In ɗan mutum ne zai yi kuka ya biyo mutane. In na ruwa ne zai koma wajen danginsa, kowa ya huta.

Yaron da bai taɓa bin kowa ba tun da ya fara tafiya, yaron da ke shiga randa da ka. Ko makaho ya san inda zai nufa. Ga damina ta yi nisa, kogi ya cika har yana taɓa gonakin gefe.

Ni ba a tambaye ni ba, don ba a shawara da uwa a kan ɗan fari. Na dai gaya wa Malam, a ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa. Ya je ya durƙusa a gaban Iya ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, wannan ba addini ba ne. Rai ne fa." Iya ta ce ta ji. Muka ɗauka magana ta mutu. Ba a jima ba aka tura Malam kwas Zariya.

Wata Juma'a da hantsi, ranar kasuwa, gari ya cika da baƙi da shanu, Iya ta ce za ta kai Maigidanta Dagumawa ya kwana biyu wajen gwaggo, ko canjin wuri zai yi masa amfani. Ta yi masa wanka da kanta, ta shafa masa mai, ta sa masa kwalli da rigar sallarsa. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. A lokacin cikin ƙanwarsa ya fara nauyi, na koma ɗaki in ɗan kishingiɗa.

Da na fito shara sai na ga murfin a gindin turmi. Na leƙa ɗakin Iya, ga kayan sawarsa a ninke a kan gado, ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Na duba akurki, ƙwan da kaza ke kwanci a kai babu biyu. Ƙwaryar furar da na dama da safe ita ma babu.

Ni da ko zaure ba na leƙawa da rana, ban san lokacin da na tsinci kaina a titi ba, babu mayafi, babu takalmi. Na ratsa ta gefen kara, kasuwar shanu, dillalai suna darewa, wani yana cewa, "Subhanallahi, ba matar malamin gona ba ce?" Ban bi ta mashayar da mutane suke ba, na san ba can za su kai shi ba. Na yi ƙasa, inda gonakin rake suke, ƙaya tana shiga ƙafata ina ji ina ƙara gudu.

Su na fara hangowa. Iya da tsohuwar suna tahowa, sun ba kogi baya. Tsohuwar tana riƙe da hannun Iya tana jan ta, Iya tana tafe kamar wadda aka ɗora wa dutse, fuskarta sharkaf da hawaye. Can bayansu ga ƙwarya a kan yashi, ga ƙwai, ko kallonsu bai yi ba. Yana tafe a kan 'yan yatsunsa, rigar salla tana kaɗawa, ruwa ya riga ya kai masa gwiwa.

Akwai masunta a kan kwalekwale, akwai masu wanki a tsallake, ga uwar mijina a gabana. Na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina.

"Idrisu! Idrisu!"

Zan so in rubuta cewa ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Wadda ta waiwaya Iya ce. Sunan mijinta ne, wanda ita kanta ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ta gidansa, ta ji shi yana tashi a bakin kogi. Ta tsaya cak, ta fizge hannunta, ta juya. Tsohuwar tana cewa, "Kada ki duba! Kin ɓata aikin!" Iya ta duba. Ta ga jikanta ruwa ya kai masa ƙirji, ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla salati.

Na wuce su na faɗa ruwan. Ban iya iyo ba, ban kuma tuna ban iya ba. Ƙafarsa ta riga ta bar ƙasa lokacin da na cafko wuyan rigar. Ya yi ta ihu yana cizona don na raba shi da abin da yake so, tabon yana nan a hannuna. Wani masunci ya miƙo mana gora ya ja mu gefe, ban san sunansa ba, Allah Ya saka masa da Aljanna.

Na zauna a kan yashi na rungume ɗana a gaban kowa, ina haki, zane ya manne a jikina. Iya ta ƙaraso ta tsaya a kaina. Na ɗaga ido na ce, "Iya, ɗana ne. Ni na haife shi, ba kogi ba. In za a mayar da shi wajen danginsa, ga ni."

Ban taɓa yi mata magana ido cikin ido ba sai ran nan. Ta ce, "Marar kunya." Sai ta cire mayafinta ta lulluɓe mu, ni da shi. Ko da muka duba, tsohuwar ta yi gaba abinta, ba mu sake ganin ta ba.

Ba zan ce daga nan komai ya yi daɗi ba. An yi da ni a unguwa, wai na yi tsirara a kasuwa, wai na kira sunan suruki gatsau. Malam da ya dawo ya yi wata guda ba ya iya haɗa ido da mahaifiyarsa. Jinya kuwa ba ta ƙare ba, don wannan ba ciwon da ake warkewa ba ne. Muka sa wa rijiya murfi da kwaɗo, muka ɗaure bakin randa, Malam ya riƙa tura babur sai ya kai bakin titi kafin ya tayar. Cokali ɗaya na tuwo ya ɗauke mu watanni. Iya ce ta gano yadda za a yi da son ruwan nan, ta koya masa alwala. Ya iya ta fiye da kowa a gidan. Da ya girma shi ke cika butocin masallacin unguwarmu, ya jera su reras, kuma kaf unguwar babu mai taɓa masa jeri. Iya ta rasu yana saurayi, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda wani ya wanke masa kaya ba sai ita.

Ni kuwa tun daga ranar kogi ban sake ce masa "yaron nan" ba. Safe da yamma, da baƙi ko ba baƙi, Idrisu. Na ce tunda na riga na zubar da kunyar a gaban masunta, ban ga abin da zan koma in tsinta ba. Na yi shekaru ina kira yana banza da ni. Sai wata rana ina tankaɗe, na kira shi, na lura murfin ya yi shiru. Ya ɗora tafin hannunsa a kai ya tsayar da shi. Bai dube ni ba. Da na yi shiru ya ci gaba da murzawa. Na sake kira, ya sake dafe shi. Na gwada Malam, na gwada ƙanwar Idrisu, kowa ya kira, murfi bai fasa juyawa ba. Ashe ya daɗe yana amsa mini, ni ce nake jiran ya amsa irin ta sauran mutane.

Don haka ku iyaye mata, in yaro ya kai lokacin magana bai yi ba, in ba ya haɗa ido, in kalmomin da ya fara sun ɓace, ku kai shi asibiti da wuri, ku jure wa layi da baƙar maganar wasu ma'aikatan. Kada ku bari a ƙona shi da hayaƙi, kada ku bari a ce muku ba mutum ba ne. Waɗanda za su ba ku shawarar da za ta kashe shi ba maƙiya ba ne, masu ƙaunarsa ne, shi ya sa abin yake da wuyar ƙi. Kunya abu ne mai kyau, ni ma da ita na tashi, amma in ta zo tsakaninki da ran ɗanki, ajiye ta.

Idrisu ya yi furfura a gabana. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi cikin azumi, muka koma zaman benci a Kano kamar da, sai dai wannan karon ni ce a gefen gadonsa, ban kuma saurari kowa ba. A gaggawar fita mun manta murfin a gida. Safiyar da zai tafi ya daina buɗe ido, likita ya ce wataƙila ba ya jin mu. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Idrisu."

Hannunsa ya motsa a kan zanen gado, yana lalube. Babu murfi. Sai ya samu bayan hannuna, daidai wurin tabon, ya ɗora tafinsa a kai ya dafe.

Allah Ya jiƙanka, Idrisu. Allah Ya jiƙan Iya da Malam. Ku da kuka karanta, ku sa shi a addu'a, kuma ku ambace shi da sunansa.